Tubalin Ganuwa a Teburin Yaƙi

Duk Asabar bayan la'asar, maza uku sukan haɗu a zauren gidan Jamaluddeen da ke cikin birnin Zariya. Shi ma'aikacin gwamnati ne, Zailani malamin makaranta, Haisam kuwa tela, aminin Jamaluddeen tun suna firamare. A kan wani faffaɗan tebur suke jera ƙananan sojojin dalma da ba su wuce ɗan yatsa ba, Rumawa a nan, Farisawa da giwayensu a can. Su auna tafiyar runduna da tef ɗin Haisam, su jefa ƙwayar ludo, su yi ta musu har magariba.

A wannan Asabar ɗin Haisam ya zo da kyauta: wani tsohon tubali da ya sassaƙa ya zama ƙaramar ganuwa, har da ƙofa. Ya ajiye a tsakiyar tebur, ya ce yau ba zai daɗe ba, ya fita.

Ana kiran sallah dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rufi. Sai na biyu. Jamaluddeen ya leƙa lungu, babu kowa. Da ya dawo daga masallaci ya tarar da sojojin nan duka, ɗari biyu da wani abu, sun daina fuskantar juna, fuskokinsu na kallon ƙofar cikin gida.

Kwana huɗu ana haka. Da rana ta faɗi sai jifa, sai wata murya can ƙasa-ƙasa kamar ana ƙirga mutane. Matarsa Rahmatu ta daina barin wanki a igiya. A kwana na biyar 'yarsu Ibtisam, mai shekara goma sha shida, ta shiga zaure ɗauko tsintsiya, ba ta fito ba. Suka same ta tsaye gaban tebur, idanunta a kafe, jikinta sanyi ƙalau.

Aka ɗauko Malam Jumare daga Gyallesu. Dattijo ne marar yawan magana. Ya zauna gefen tabarmar da aka kwantar da ita, ya yi ta karatu har gumi ya jiƙa masa hula. Can yarinyar ta buɗe baki, muryar tsoho ta fito.

"Ka daina ƙona ni. Ni ma kawo ni aka yi."

"Wa ya kawo ka?" in ji Malam.

"Telan. Shi ya ɓalle bangon ɗakina a jikin ganuwa. Wata guda ina jifan gidansa, har na kama matarsa. Ya yi kuka, ya rantse zai mayar da ni. Na yarda, na saki matarsa. Sai ya naɗe ni a tsumma ya kawo ni nan, ya ce kyauta."

Jamaluddeen ya dafa bango. "Haisam?"

"A ba ni jinin baƙin bunsuru, in tafi," in ji muryar.

"Ko ɗigo ba za ka samu ba," Malam ya ce. "Yarinyar nan ba ta ci amanarka ba. Za a mayar maka da abinka gobe kafin magariba, kuma hannun da ya ɗauko shi zai mayar."



"Telan ma haka ya ce," in ji muryar.

"Ni ba shi ba ne. Fita."

Ibtisam ta yi atishawa sau uku, ta kira mamarta cikin tata muryar.

Washegari Zailani ya je ya taho da Haisam. Haisam ya ɗauki tubalin, suka bi shi har gindin ganuwa, inda ramin yake. Bayan ya cusa shi, ya juyo.

"Jamalu, wallahi na zaci gidanka akwai yawan karatu, ba zai taɓa ku ba."

"Da ka ce min ɗauka ka taimake ni, da na ɗauka," in ji Jamaluddeen. "Da na san abin da zan tsare 'yata daga gare shi."

Jifa ya tsaya tun daga ranar. Ibtisam ta yi sati uku kafin ta iya kai loma bakinta da kanta. Sau biyu Haisam yana zuwa dubiya, sau biyun Rahmatu na amsa masa daga bayan labule cewa maigidan ba ya nan, alhali Jamaluddeen na zaune a tsakar gida, yana jin sallamarsa.