Mutumin da Na Sa a Taga

Maganin tari matata ta aike ni in sayo mata ranar. Na rufe shagona na kayan gini, na biya kemis, na sa kwalbar a aljihu, na kamo hanyar gida rana tana gab da faɗuwa. Da titi na bi, da yau ba ni da labarin da zan ba ku. Sai na yanke ta bayan layi, inda wani kangon bene yake tsaye shekara da shekaru, an fitar masa da ƙofa da tagogi amma ba a yi rufi ba.

Ni mutum ne mai son zane. Ba sana'a ba ce, jaraba ce kawai. Kullum akwai ɗan littafi a jakata, da baƙin biro, da fensiran kala goma sha biyu da nake fiƙewa da reza. Gidaje nake zanawa. Fuskar mutum kam ban iya ba, in na gwada sai ta fito kamar ta wanda aka mara. Maiɗakina tana kirana Injiniya, wai injiniyan da ko akurki bai taɓa ginawa ba. Ni kuma Bahaguwa nake ce mata, don da hagu take komai, daga sa zare a allura har yankan albasa. Shekara goma sha shida muna wannan tsokanar, kuma da yara suka tafi makarantar kwana, gidan ya rage daga ni sai ita.

Hasken yamma ya bugi kangon nan, bulon ya yi ja-ja. Na ce minti goma kawai. Na zauna a kan wani dutse na buɗe littafi.

Biro ba ya goguwa, shi ya sa nake da doka ɗaya: in hannu ya kuskure, ba na yaga shafi, sai in mayar da kuskuren wani abu. Layi ya karkace, ya zama reshen bishiya. Ɗigo ya faɗo, ya zama tsuntsu. Ina cikin zana tagar sama biron ya yi aman tawada, ɗigo babba a tsakiyar tagar. Na yi tsaki. Na ja shi ƙasa, na ba shi kafaɗu, na zagaye masa kai. Ya zama mutum a tsaye yana leƙe. Fuskar na bar ta fara, kamar yadda na saba.

A lokacin na lura wurin ya yi tsit. Tsuntsayen da ke hayaniya a bishiyar gefe sun yi shiru gaba ɗaya. Wani wari ya taso, irin na katakon fensir da aka fiƙe yanzu, alhali ban ciro fensir ba. Na ɗaga kai na dubi tagar gaske. Babu kowa. Aka kira sallar magariba daga nesa, na tattara kayana na tafi.

Bayan kwana biyu na buɗe littafin da safe zan sa kala. Mutumin taga ya yi gira.

Na daɗe ina kallo. Gira biyu ne, sirara, an yi su da kyau fiye da yadda zan iya. A ƙarƙashinsu akwai 'yar inuwa da fensir mai ruwan ƙasa. Duk wanda ya daɗe yana zane ya san hannu daga inuwa. Mai dama layukansa daga dama suke gangarowa zuwa hagu, bahago kuwa akasin haka. Waɗannan na bahago ne.

Na sami matata a kicin tana wanke kofuna.

"Ashe kin iya zane kika ɓoye mini?"

"Wane zane kuma, Injiniya?"

Na nuna mata. Ta goge hannu a zani, ta duba, ta yi dariya. "Ai ka ci gaba. Yau mutuminka bai yi kama da wanda aka mara ba."

"Ba ni na yi ba."

"To ni ce zan yi? Ni da ko da'ira ba na iya rufewa?"

Na yi dariya ni ma, amma ba har zuci ba. Na san ta da tsokana. Na ce a raina bari in ga iya gudun ruwanta.

Washegari hanci ya fito. Bayan kwana uku, kunne. Fensirina mai ruwan ƙasa yana ta raguwa, ga ɓawonsa a ƙasan jaka, an fiƙe shi tsaf. Na fara ɓoye littafin. Na sa shi ƙarƙashin katifa, na sa a saman kwaba, na sa a cikin buhun tsofaffin takardu. Duk a banza. Kowace safiya sai na tarar an ƙara wani abu, da layukan nan masu karkata irin na bahago.

Abin ya daina ba ni dariya. Na koma ina lura da ita kamar ɓarauniya. In ta shiga ɗaki sai in kasa kunne. In ta miƙo mini shayi sai in dubi gefen hannunta ko zan ga kala. Ita kuma tarin nan ya ƙi barinta, ta rame, fuskarta ta yi fari-fari, tana yawan cewa jiri take ji da yamma. Ni da ya kamata in kai ta asibiti, sai na ce a raina rashin barci ne, tana tashi tana yi mini ɓarna a littafi. Ina jin kunyar faɗin wannan, amma haka na yi tunani.

Daga ƙarshe na kai littafin shago, na sa a durowa, na danna kwaɗo. Kwana huɗu ban taɓa shi ba. Ran na biyar da la'asar na buɗe.

Mutumin ba ya taga. Ya sauko, yana tsaye a ƙofar kangon. Kuma ba namiji ba ne. Ga ɗankwali, ga leɓe, ga ɗan tabon da ke tsakiyar haɓar matata tun tana yarinya. Ido ɗaya ne kawai ya rage ba a cike ba.

Mai hankali a nan zai tsorata. Ni fushi na yi. Na tuna makullan shago a kan tebur nake ajiye su in zan yi wanka. Na rufe shago na nufi gida da littafin a hannu, na jefa mata shi a cinya.

"Har makullina kike ɗauka?"

Ta dubi zanen. "Wannan ai ni ce."

"Kin fi kowa sani."

"Wallahi ban taɓa littafin nan ba."

"Kada ki rantse a kan ƙarya."

Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta dube ni kawai ta ce, "Shekara goma sha shida, yau ni ce maƙaryaciya a kan takarda." Ta shiga ɗaki, ta fito da 'yar jaka. Ta ce za ta gidan yayanta, in na huce na san hanya. Ban hana ta ba.

Na zauna a tsakar gida ni kaɗai, rana tana yin ƙasa. Na ɗauki littafin. Ban san dalili ba, na shafa zanen da yatsa.

Biro in ka danna shi yana barin rami a takarda. Bangon da na zana da hannuna, duk layukansa ramuka ne. Da yatsana ya kai kan fuskar sai na ji tudu. Kowane layi ya kumburo waje. Na juya bayan shafin, fari fat, babu ko ɗigo.

Ba daga sama aka zana ta ba. Daga cikin takardar ake dannowa.

Sai lissafin ya zo mini. Wanda yake ciki yana fuskantata, in da dama yake zane, ni daga waje hagu zan gani. Babu wani bahago a cikin maganar nan tun farko. Mako biyu ina zargin matata a kan abin da ba ta sani ba.

Ina kallo, wani ɗan ɗigo ya kumburo a cikin idon da ya rage.

Hanyar gidan yayanta ta bayan layi ce, ta gaban kangon nan.

Ban tsaya neman takalmi ba. Na suri littafin da biro na fita da gudu.

Layin babu kowa. Tsuntsaye sun yi shiru. Warin katakon fensir ya cika wurin har yana shaƙe ni. Daga cikin kangon ina jin wani sauti, ƙar, ƙar, ƙar, irin na fensir a kan takarda.

Tana tsaye a bakin ƙofar, jakarta a ƙasa. A gabanta, cikin duhun ƙofar, wata tana tsaye. Tsayinsu ɗaya, ɗankwalinsu ɗaya. Hancinsu ya kusa haɗuwa.

Na kira ta. Babu wadda ta juyo.

Na ɗaga littafin zan yaga, sai na tsaya. Fuskarta ce a kai. In na yaga, wa na yaga? Gogewa kuma babu. Abu ɗaya na sani, a mayar da kuskure wani abu.

Na durƙusa, na ɗora littafin a gwiwa, na fara jera bulo a ƙofar zanen. Wannan kam aikina ne, kullum ina ganin magina. Layi na farko. Na biyu a kan gaɓar na farko. Ina ɗagowa na ga duhu yana hawa a ƙofar gaske, ya kai musu gwiwa.

Wani abu ya tokare bakin birona daga ƙarƙashin takardar. Yana turowa, ina dannawa. Gumi yana ɗiga a shafin.

Na sunkuyar da kai na yi layi uku ban duba ba. Na ji motsin ƙafafu, da wani ɗan nishi.

Da na ɗago, ɗaya tana waje kusa da jakar. Ɗaya tana ciki, duhun ya kai mata wuya. Hasken ya kusa ƙarewa, ba na ganin idanunsu.

Ta cikin ta yi magana a hankali. "Injiniya. Ni ce."

Ta wajen ta ce, cikin raɗa, "Maigida, kada ka saurare ta. Ƙarasa."

Muryar ɗaya ce.

Na dubi wannan, na dubi waccan. Ta wajen tana tari, tarin da na sani. Na tuna yadda ta dube ni ɗazu da na kira ta maƙaryaciya. Na ce ba zan ƙara ba.

Saura gurbin bulo ɗaya. Hannu ya leƙo ta gurbin, yana lalube.

Na cike shi.

Sautin fensir ya tsaya. Tsuntsu ɗaya ya yi kuka, sauran suka amsa. Ta wajen ta faɗo jikina, sanyi ƙalau, na riƙe ta muka taho gida ana kiran salla. A hanya na roƙe ta gafara. Na yi mata alƙawarin har in mutu ba zan sake zarginta ba. Ta ce ya wuce.

Tarin ya warke cikin kwana uku. Ta yi ƙiba, ta yi kyau, yayanta har yana tambayar me nake ba ta. Na koma kangon da rana tsaka, ƙofar a buɗe take kamar kullum, babu komai ciki sai ƙadangaru da kashin awaki. Bangon a takarda kawai yake. Zane kuwa na bari, fensiran na ba 'yar maƙwabta.

Wata huɗu ke nan. Da dama take yanka albasa yanzu. Ta ce tun ranar hannun hagun yake mata sanyi, kuma zai iya zama gaskiya. Ba ta ƙara ce mini Injiniya ba. Wannan ma zai iya zama fushi ne bai gama sauka ba. Na yi ta ƙoƙarin tuna wane hannu ne ya leƙo ta gurbin nan, na kasa.

Littafin yana durowar shago. Kowace yamma kafin in rufe sai na shafa shafin. Makon jiya na ji wasu 'yan layuka sun kumburo a kan bulon ƙarshe, ƙanana, marasa kyau, irin na wanda ko da'ira ba ya iya rufewa. Na kai su gaban haske. Sun karkata irin na mai dama. Daga ciki ake yin su, don haka mai yin su da hagu take yi.

Biro ba ya goguwa, amma reza tana kankare shi. Rezar tana aljihuna yau kwana shida. In na buɗe gurbin ban san wadda za ta fito ba, ban kuma san abin da ta gida za ta yi ba. Kuma na yi alƙawari.

Ɗazu da na shigo ta karɓi jakata da fara'a, ta ce ruwan wanka yana bayi. Ina cire riga ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona.

"Maigida," ta ce a hankali, "me kake yi da reza, kai da ka daina zane?"