Itacen da Sagiru Ya Kawo

Sanyin Gangara in ya kankama, ko akuya sai ta zo bakin murhu ta yi sallama. Cikin irin wannan sanyi Safiyatu ta haifi ɗa namiji, bayan an daɗe ana jira. Mijinta Kalilu ba abin da ya dame shi sai itace, don gadon ƙasa na maijego ba a barin cikinsa ba wuta.

Dab da magariba sai ga amininsa Sagiru da jaki, kaya niƙi-niƙi.

"Angon ƙarni, ga tawa gudummawa. Busasshe ne, ashana guda ta ishe shi."

"Kai da goro guda kaka ci kwana ukku? Yau mi ya faru?"

Sagiru ya yi dariya. Bai shiga ba, bai ko sha ruwa ba. Ya ja jakinsa.

Kalilu ya jera itacen a ramin gado ya hura. Wuta ta kama, ba hayaki. Sai wani tsami-tsami ya cika ɗakin, kamar an jiƙa tsamiya. Maimakon ɗumi, sanyi ya ƙaru. Jinjirin da ke ta tsala kuka ya yi ɗif.

"Malam," in ji Safiyatu a hankali, "wa ka bari ya shigo?"

Wata mace ce tsugune a bakin wutar. Doguwa, gwiwoyinta sun wuce kanta. Ba ta juyo ba.

"Tsamiyata, ɗakina, na ga cikin wuta," ta ce. Muryar kamar ana taka busasshen ganye. "Ɗiyana na waje, sanyi na cin su."

Kalilu ya yi maza ya ce:

"Ba ni na sare ba, baiwar Allah."

"Wanda ya sare na kama shi. Ya rantse aike shi anka yi. Ya ce in biyo itacen, inda anka sa mai wuta, nan mai aiken yake."

Ta miƙa hannu. Hannun ya yi ta tafiya, ya hau gado, ya taɓa zanen goyo.

"Ɗaki ya tafi. A ba ni abin ɗaki."

Safiyatu ta kifa kan ɗanta tana ayatul kursiyyu, tana sarƙewa.

Kalilu ya cusa hannuwansa cikin wutar.

Ya rungumo itacen yana ci, ya yi waje, ya tsunduma shi cikin randa. Ƙaurin fatarsa ya cika gidan.

Da ya komo ɗaki, macen ba ta nan.

Can jinjiri ya tsanyara kuka.

Ran suna Kalilu na zaune, hannuwa naɗe da tsumma, jama'a na ta barka. Sagiru ya zo a makare, ya tsaya nesa da tabarma. Kowa ya zo cewa yake Allah shi raya. Shi kuwa ya sunkuyo, ya rage murya.

"Yaron... yana nan?"

Kalilu ya ɗago ya dube shi.

"Yana nan, Sagiru. Tun muna kiwon awaki nike kiran ka ɗan'uwa. Tashi mani daga ƙofar gida."