Lemon Inabin da Ba Ya Kwana

"Giya ce, Hala! Wallahil azim giya ce, kuma a garin Makka!"

Basma ce tsaye a tsakiyar falon su Mubina, nan unguwar Jarwal, ta ɗaga wata kwalba sama, kumfa na tasowa a ciki.

Hajiya Safiyatu ta toshe hanci da mayafi. Ita ce gwaggon Abdulhadi, ita ta raine shi, yau ta taso daga Aziziyya don ta ga Mubina, yarinyar da ya nace sai ita. Basma kuwa 'yar ƙanwarta ce, shi ya sa take ce mata Hala irin na Larabawa, shekara uku tana ɓarnar kwalli saboda Abdulhadi, ko ɗaga kai bai taɓa yi ba.

"A bayan firijinsu na tsinto ta," in ji Basma, "da na shiga wanke hannu. Wannan shi ne lemon inabin da ake ta yabo!"

Ni ina gefe. Maƙwabciya ce ni, ba a gayyace ni ba, amma ai ƙofa a buɗe take.

Maryama, uwar Mubina, har ta fara salati. Ita kuwa 'yar ko gezau.

"Miƙo in gani, habibti."

Ta ɗaga kwalbar wajen hasken taga.

"Hajiya, dubi gindinta. Ƙwayoyin inabi ne a markaɗe, aikin inji. Ga sukari ya kwanta. Ni da hannu nake matsa nawa cikin ƙyalle, kuma ba na sa sukari."

"Baki kowa na da shi, 'yata," in ji Hajiya. "Ba zan kai ɗana gidan da ake ajiye wannan ba. Tashi, Abdulhadi!"

Bai tashi ba.

"Gwaggo, ki gafarce ni... na san lemonta. Bara lokacin Hajji na fara shan sa, tana raba wa alhazai a ƙofar gidan nan."

"To sai me?"

"Fari ne tas, da ɗan kore-kore, kana hango yatsanka ta cikin kofi. Ƙamshinsa ke riga shi zuwa: furen Ta'if, ɓawon lemun tsami, da wani abu kamar ɗanyen tuffa. Ya ɗan ciji harshe, tsami mai tsabta, ba zaƙin nan mai manne wa maƙogwaro ba. Ka haɗiye, baki ya yi wasai, hannu ya koma neman ƙari."

Ya saci kallon Mubina.

"Haka halinta yake, Gwaggo. Ba ta da abin ɓoyewa a bayan firiji."

Kai, 'yan mata, ku nemi irin wannan!

Nan fa na gyara murya.

"Hajiya, inabi ba ya zama giya sai ya kwana ya sake kwana, ko ba haka ba?"

"Haka ne, Inna."

"To shekara huɗu ke nan ko ɗigo bai taɓa kwana a gidan nan ba. Kullum bayan la'asar nake zuwa da jug ɗina in kwashe ragowar. Ranar da ba ragowa, sai in zauna har a matsa mini sabo. Tambayi Maryama, ta gaji da ni."

"Wallahi na gaji," in ji Maryama.

"Kuma ke Basma, ranar Alhamis wa na gani a kasuwar unguwar Shisha da kwali guda na farin inabi? Yau Litinin. Rufin gidanku da rana, masha Allah. Jakarki kuma da kika shigo a cike take, yanzu ta lotsa."

"Ƙarya ne! Wannan tsohuwar..."

Ta fizge kwalbar daga hannun Mubina da ƙarfi.

Fuuu!

Murfi ya yi sama. Kwana huɗu na zafin Makka ya wanke ta tun daga gyale har takalmi. Tsami ya gauraye falo.

Mubina ba ta yi dariya ba, ni na yi mata. Sai ta shige kicin ta fito da faranti: inabin Ta'if mai sanyi, farin ƙyalle, ƙanƙara. A gaban kowa ta matsa, ta ɗiga ruwan fure, ta kankare ɓawon lemun tsami, ta durƙusa ta miƙa.

Hajiya ta shinshina. Ta kurɓa. Ta lumshe ido.

Ta miƙo kofin.

"Ƙaro."

Sai da ta sha kofi uku ta dubi Maryama.

"Ki yafe mini, 'yar'uwa. Bayan Hajji maza za su zo a sa rana. Halas, magana ta ƙare!"

"Ya ruhi..." Abdulhadi ya faɗa ƙasa-ƙasa. Wai shi a dole ba wanda ya ji.

Mubina ta cika kofi na huɗu ta miƙa wa Basma.

"Sha, habibti. Ki ji yadda ake yin sa."

Basma ta dubi kofin, ta dubi Abdulhadi da idonsa ke kan amaryarsa. Ta suri jakarta, abaya na ɗiga, ta fice.

Garam!

Ƙofar ta girgiza har bango. Kofin nata kuwa, tun kafin ƙarar ta lafa na miƙa hannu.