Sunan Da Aka Soke A Aikin Digiri

Sufeta Marleny Cuéllar ta dawo ke nan daga kai ɗanta makarantar reno, ko gahawarta ba ta kurɓa ba, aka bugo mata waya daga wata jami'a a kudancin Cali. An sace kwamfutar wani ɗalibi, an kuma lalata masa aikin kammala digiri, ga shi gobe zai tsaya gaban malamai ya kare shi.

A sashen nazarin kwamfuta ta tarar da mai ƙarar, Fabián Ocampo, yana safa da marwa gaban akwatin ajiyarsa da aka ɗauke kwamfutar daga ciki, sai ƙamshin turare yake.

"Shekara guda ina fama da aikin nan, ranki ya daɗe. Ni kaɗai."

Ta duba kwaɗon. Ko ƙwarzane babu.

"Makulli nawa ake ba ku?"

"Biyu. Ɗayan ya ɓata."

"In kai kaɗai ne, na biyun na waye?"

Ya sosa ƙeya. "Haka dai suke bayarwa."

Ta bar shi nan ta shiga ofishin Farfesa Arbeláez, malamin da ke duba aikin. Dattijon ya buɗe mata rumbun intanet da ɗalibai ke ajiye ayyukansu. Aikin Fabián manhaja ce mai tuna wa iyaye mata ranar rigakafin jarirai.

"Abin da ya ɗaure mini kai ke nan," in ji shi. "Ranar Asabar aka shiga da kwamfutarsa, amma ba duka aka goge ba. Ga launuka, ga hotuna, ga sunansa ɓaro-ɓaro. Cikin aka zare, layi-layi. Mai wannan ya yi awa biyu a zaune."

"Ɓarawo yana da wannan haƙurin?"

"Minti ɗaya ya ishe shi ya share komai."

"Akwai wata alama ta wanda ya rubuta cikin?"

"Doka ce a ajina, duk wanda ya ajiye gyara sai ya bar ɗan bayani. Amma duka da sunan Fabián suke."

Ta jawo kujera ta fara karantawa. A watan Fabrairu ta tsaya. An rubuta: an gyara jerin allurai, sauran sai na dawo daga awo.

Marleny ta san bencin asibitin nan, wata takwas ta yi tana zama a kansa. Ta ɗago.

"Farfesa, Fabián yana zuwa awon ciki ne?"

Dattijon ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa. Su biyu suka fara, in ji shi, da wata Dayana Rentería. Kwamfutarta ta mutu, sai take aiki da ta Fabián. Makon da ta haihu Fabián ya kawo takarda wai ta bar aikin, aka soke sunanta.

"Ka kira ta ka ji?"

"Ban kira ba."

Da azahar ta sami gidan. Uwar Dayana tana tuya a ƙofa, ita kuma tana ciki tana jijjiga jaririya a kafaɗa.

"Rabona da makarantar tun watan Maris," ta ce, idonta a bango.

"Makullin akwatin fa?"

"Na yar."

Marleny ta rufe littafinta kamar za ta tafi. "To shi ke nan. Dama ba wata asara ba ce. Fabián ya ce kafin magariba zai sake rubuta duk abin da aka cire, wai aikin yini ɗaya ne."

Dayana ta yi wata dariya marar daɗi. "Shi? Wanda ko kunna manhajar bai iya ba? Da ƙafafuna a kumbure na rubuta ta. Launukan da na bar masa su ne iyakar..."

Ana jin ƙarar mai daga waje.

"Ci gaba, ƙanwata."

Ta gyara wa jaririyar kai. Da ta sake magana muryarta ba ta rawa.

"Ina kwance da ɗinkin haihuwa ya soke sunana. Sau uku na je ofis, aka ce takarda ta riga ta wuce. Jiya uwarsa ta yi odar furannin bikin kammalawarsa, har hoto ta sa a intanet. Ban taɓa nasa ba, Sufeta. Nawa na ɗebe."

"Kwamfutar fa?"

"Tana ƙarƙashin gadon yarinya, lafiyarta ƙalau. Aikin ma na kwafe shi kafin in goge. Haka aka koya mana."

Marleny ta fiddo kwamfutar ta sa a jakar shaida. "Wannan sata ce, kuma dole ki bi ni. Amma bayanan nan da takardar ƙaryarsa duka za su shiga fayil, kwafi ɗaya kuma yau zai isa teburin shugaban sashe. Zauna ki shayar da ita tukuna. Ba na sauri."

Ta jira har jaririyar ta saki nono. Dayana ta miƙa wa uwarta ita, ta nuna mata kwalbar madara, ta ce kada a kwantar da ita sai ta yi gyatsa. Uwar ta karɓa.

A bakin mota Dayana ta tsaya.

"Za a ɗaga masa ranar?"

"Farfesa ya ce a'a. Gobe ƙarfe tara, tunda shi kaɗai ya yi."

Dayana ta shiga, ta jawo ƙofa da kanta.

"In kin gan shi, ki ce kada ya makara."