Dubu Tara da Ɗari Tara

Motar fulawa ta iso gidan burodin da hantsi, amma direban ya ƙi kwance igiya. Ya ce maigidansa bai ga kuɗi ba. Akawu ya sake turawa, kwamfuta ta sake cewa abin da ke cikin asusun bai kai ba. Tanda ta yi zafi, masu kwaɓi sun naɗe hannun riga suna jira.

Baba, mai gidan burodin, ya sa aka buga masa waya banki. Ya zazzaga musu masifa a kan cajin da suke yankar masa. Suka ce cajinsu bai kai ko kusa da abin da ya ɓata ba, wani ne yake fitar da kuɗin. Kafin azahar Akawu yana bayan kanta a ofishin 'yan sanda, an cire masa takalmi da agogo.

Sufeto aka miƙa wa binciken, aka ce masa gobe da safe za a kai mutumin kotu. Bai so wannan gaggawar ba.

Ofishin Baba ɗan ɗaki ne a bayan ma'ajiya, fulawa ta kwanta har a kan fanka. Baba tsoho ne, yanar ido ta rufe masa gani, sai ya juyo da kunne in ana magana. Ɗansa, wanda ma'aikata ke kira Dogo, yana tsaye a bayan kujerarsa.

"Baba, wa ke iya fitar da kuɗi daga asusun nan?"

"Akawu. In ba ya nan, yaron nan."

"Lambar sirri fa, wadda banki ke aikowa kafin kuɗi su fita?"

"A wayata take shigowa. Ga ta can a kan tebur, nan take wuni. Ni ba gani nake ba, su ke karantawa."

"To me ya sa Akawu ka zarga?"

Baba ya buga sandarsa a ƙasa. "Sufeto, mutumin nan ba ya tausayin kuɗina. Shekara da shekaru muna faɗa a kan caji, ko a jikinsa. Wanda bai ji zafin goma ba, zai ji zafin dubu?"

Sufeto ya dubi Dogo. "Kai fa?"

"Yallaɓai, ni a tanda nake wuni. Dubi hannuna." Ya miƙa su, duk tabon ƙuna.

Daga nan Sufeto ya wuce banki. Wadda ke kula da asusun 'yan kasuwa ta juyo masa da fuskar kwamfutarta. Sau biyu ko uku a kowane mako, wata da watanni, kuɗi na fita da sunan kuɗin hidimar asusu.

"Malama, sunan nan ai naku ne."

"Kowa zai iya rubuta abin da ya ga dama a gurbin bayani. Duba ƙarƙashin kowanne."

Ya duba. Bayan kowane ɗaya akwai wani ɗan ƙaramin caji, goma.

"Wannan ne namu," in ji ta. "Shi muke cira in an tura kuɗi. Da mu muka ɗebi na saman, da ba za ka gan shi ba. Banki ba ya cajin kansa."

"Ina kuɗin suka tafi?"

"Wurin masu na'urar cire kuɗi na bakin titi. Sunayensu sai da takardar kotu, ita kuwa ba ta yau ba ce."

Sufeto ya bi layin da yatsa. Kowane fita iri ɗaya ne, dubu tara da ɗari tara, ba ƙari ba ragi.

"Yaya tsarin cajinku yake?"

"Ƙasa da dubu goma, goma. Daga dubu goma zuwa sama, ashirin da biyar."

Ya yi mata godiya ya fita. Ma'aikatan banki sun fita daga zarginsa, saura mutum biyu.

Ya koma ofishinsu, ya tarar da Akawu zaune a kan siminti, ya haɗa kai da gwiwa. Dattijo ne siriri, gilashinsa ɗaure da zare a gefe ɗaya.

"Ka ga kuɗin suna fita?"

"Na gani, ranka ya daɗe. Na ce wa Baba a je banki a tambaya, ya ce shi ba ya taka ƙofar ɓarayi. Dogo ya ce zai je. Kullum gobe. Ni ma laifina ne da ban tafi da ƙafata ba."

"Faɗan da kuke yi a kan caji, na mene ne?"

Akawu ya yi murmushin da bai kai ido ba. "So yake in riƙa yanka kuɗi gunduwa-gunduwa kafin in tura. Na ce masa ni akawu ne, ba mahauci ba. Abin da za a rage bai kai kuɗin burodi ɗaya ba, lissafi kuma ya dagule. Ban taɓa yi ba."

"Ko sau ɗaya?"

"A duba. In an samu ɗaya, a kai ni kotun." Ya ɗago kai. "Yallaɓai, matata ta sani?"

Sufeto ya kawar da kai, don ya ga matar a ƙofar ofis tun ɗazu, riƙe da kwanon abinci.

Da la'asar ya koma gidan burodin. Motar fulawa ta tafi, tanda ta fara hucewa. Kafin ya shiga, ya tsaya wurin mai shagon da ke maƙwabtaka, suka yi magana, sannan ya shigo da shi ofis.

"Baba, maƙwabcinka zai ba ku ɗan abin da za a kwaɓa yau, kada wuta ta mutu. Dubu goma sha biyu za ku ba shi yanzu, saura ya ɗaga muku ƙafa. Abin da ya rage a asusun zai kai. Dogo, tura masa."

Dogo ya goge hannu a riga, ya zauna gaban kwamfutar, ya jawo wayar Baba kusa. Bai tsaya tunani ba, yatsunsa suka yi aikinsu. Wayar mai shago ta yi ƙara. Jim kaɗan ta sake yi.

Baba ya juyo da kunne. "Ka raba?"

"Na raba, Baba."

"Yauwa. Ka ji ɗan halak. Biyar ta tsira."

Sufeto ya karɓi wayar mai shagon ya duba. "Na farko nawa ka tura, Dogo?"



"Dubu tara da ɗari tara," in ji Sufeto. Ya sallami mai shago, ya tura ƙofa. "Baba, tun yaushe ka koya masa haka?"

"Tun ranar da ya fara taɓa kuɗina. Me ya faru?"

Sufeto ya jawo kujera ya zauna kusa da kunnen tsohon, ya sassauta murya.

"Wanda ya kwashe maka kuɗi bai taɓa ɗaukar dubu goma cif ba. Kullum sai ya rage ɗari, don kada cajin ya hau. Na yi ta tambayar kaina, wane irin ɓarawo ne zai ɗebi dubbai, amma ya tsaya yana yi wa mai kuɗin tattalin sha biyar? Bare ba zai yi ba, ba ruwansa. Akawu ba zai yi ba, kai da bakinka ka ce caji bai dame shi ba, kuma na duba duk abin da ya tura, dunƙule yake turawa. Wanda ya yi, hannunsa ne ya saba, har ya manta sata yake yi. Mutum biyu ne ke da hanyar asusun nan. Ɗaya yana kulle, ɗayan kuma yanzu ka ji shi da kunnenka."



"Sabo ba shaida ba ne, Yallaɓai," in ji Dogo.

"Gaskiyarka. Takardar kotu za ta fito, banki zai ba ni sunayen masu na'urar. Zan kawo su ɗaya bayan ɗaya su dubi fuskarka. Mutum mai tsayinka ba ya ɓacewa a ido. Kana so mu kai can?"

Dogo ya sulale ya durƙusa a gefen kujerar ubansa.

"Baba, tun ina yaro nake gaban wutar nan. Kowa ana ba shi albashi, har mai shara. Ni in na tambaya, sai ka ce ai duk nawa ne. Matata ta haihu, sai da na ci bashi. Nawa ne, amma ban isa in taɓa ba."

 Baba ya laluba ya ɗauki sandarsa.

"Sufeto, a bar maganar nan a gida. Na janye."

"Da safe ba ka ce a bar ta a gida ba, Baba. Janyewa kuma sai a ofishinmu, a gaban wanda ka sa aka kulle."

Tare suka tafi, Dogo a gidan baya na motar, kansa a sunkuye. Sufeto da kansa ya buɗe ƙofar ɗakin da aka kulle Akawu. Akawu ya fito yana ƙifta ido, ya zauna a kan benci ya sa takalminsa a hankali, ya ɗaura agogo. Baba ya miƙa hannu yana lalube har ya taɓa kafaɗarsa.

"Na zalunce ka. Ka yafe mini. Gobe ka zo aiki, zan ƙara maka albashi."

"Na yafe, Baba."

"To goben ka zo?"

Akawu ya zazzage ambulan ɗin da aka ajiye masa kayan aljihunsa, ya zaro makullin ofis, ya sa a tafin tsohon, ya naɗe masa yatsu a kai.

"A kan idon masu kwaɓi aka fito da ni, Baba, ana riƙe da wuyan rigata. 'Ya'yana a bakin 'yan unguwa suka ji."

Ya juya ya fita. Matarsa ta miƙe daga gindin katanga, suka bi titi tare, ba wanda ya waiwayo.

Baba ya tsaya riƙe da makullin, ya juyo da kunne wajen ƙofa.

"Ya tafi?"

"Ya tafi," in ji Sufeto. Ya jawo takarda, ya dubi Dogo. "Zauna. Faɗa mini daga farko."