Baƙar Lema a Farfajiyar Coci

Ranar Talata, sha takwas ga Nuwamba, 1969, aka wayi gari babu allon tunawa da Kyaftin Merrow a bangon arewa na babban cocin Angilika da ke kan tudu. Ƙarfe tara aka buga waya caji ofis. Kafin sha ɗaya an sami ɓarawo, domin a Hong Kong ta lokacin ba a shan wahalar neman ɓarawo muddin akwai talaka a kusa.

Wanda aka kama birkila ne mai suna Yip, ɗaya daga cikin masu gyaran ginin. Ba shi da takardar zama. Iyo ya yi ya shigo daga babban yankin Sin shekara biyu da suka wuce. In aka kai shi kotu ranar Juma'a, ba gidan yari kaɗai ke jiransa ba. Mota za a sa shi, a kai shi bakin iyaka, a miƙa shi ga mutanen da ya gudu daga hannunsu.

Sufeto Fok Sai-kit aka ba fayil ɗin, aka ce ya sa hannu ya rufe. Bai sa ba. Tun rasuwar matarsa ba ya iya zama kan kujera na minti goma. Ya ɗauki hula, ya ce wa Saje Kan su hau tudu.

Turawa sun gina cocin shekara ɗari da ashirin kafin nan, da tagogi dogaye masu tsini irin na ƙasarsu, da hasumiya mai kama da ta yaƙi wadda ba a taɓa harbi daga kanta ba. Don ƙasar sanyi aka zana shi, sai aka dasa shi a garin da bango ke gumi wata shida a shekara. Maginan asali, 'yan ƙasa da ba a rubuta sunan ko ɗayansu ba, su suka yi dabarar barin ramukan iska a cikin kaurin bangon. Daga baya aka toshe ramukan da allunan marmara na matattu: kyaftin, alƙali, matar alƙali, akawun kamfani. Yawancinsu zazzaɓi ya kashe su kafin su kai talatin, amma duk an rubuta cewa sun mutu a bakin aiki.

Inda allon yake yanzu sai rami mai kusurwa huɗu. An share ƙasan wurin tas. Ƙusoshin tagulla huɗu da ke riƙe da allon suna jere a bakin taga.

"Yallaɓai, ɓarawon nan ya fi matata tsabta," in ji Saje Kan. "In mun kama shi a ba ni shi aro."

Fok ya haska tocila cikin ramin. Ƙura ta yi kauri ko'ina, ban da wata da'ira a tsakiya, kamar inda gindin tulu ya daɗe a zaune. A gefe, cikin tsagar bulo, guntayen turaren tsinke uku, jajaye.

"Wa ya fara ganin wurin?"

"Ni ne, Yallaɓai."

Wani tsoho ne siriri cikin baƙar riga, da tarin makullai a ƙugu. Lok Wing-fat, mai kula da coci, shekara saba'in da ɗaya. Shi ke buɗewa, shi ke rufewa, shi ke buga ƙararrawa.

"Ƙarfe nawa, Baba Lok?"

"Takwas da rabi."

"Kai ka share?"

"Haka na tarar."

"Wa ke ƙona turare a nan?"

"Yallaɓai, shekarata arba'in da biyar da baftisma. A gidan nan ba ma ƙona wa kowa komai. Ka tambayi magina, su ne ba sa ɗaga guduma sai sun roƙi aljanu."

Ya faɗi haka yana kallon makullansa.

A caji ofis Yip yana tsugune a kusurwar sel, ɗakin tsare mutane, leɓensa a kumbure. Fok bai tambayi wa ya kumbura shi ba, ya san amsar.

"Ina ka kwana daren Litinin?"

"Unguwar Wan Chai, wurin wani ɗan garinmu."

"Sunansa?"

Yip ya juya fuska ga bango.

"An sami bargonka a hawa na biyu na hasumiya, da kwanon shinkafarka. Ɗan garin naku a can yake zaune shi ma?"

Yip ya sunkuyar da kai. "Sati uku nake kwana a can, Yallaɓai. Ba ni da ɗaki. Amma me zan yi da dutsen kabarin Bature? Ko tabarya ba zai yi ba."

"Akwai fuskar tagulla a jikinsa. Ana sayarwa."

"Da guduma zan ɓalle ta in tafi, ba in tsaya jera ƙusoshi ba."

Fok ya kai bango ya dawo. Maganar ta shige shi. "Me ka ji da asuba?"

"Wani abu ya faɗi, tim. Sai shiru mai tsawo, har gari ya yi haske. Sai na ji mutum yana magana ƙasa-ƙasa."

"Da wa?"

"Ban sani ba. Yana cewa, 'Ga ƙofa, za mu fita. Ga matakala, guda uku ne, bi a hankali.' Kamar mai jan makaho. Amma takun mutum ɗaya na ji. Shi ya sa ban leƙa ba."

Fok ya tsaya cak.

Ranar Laraba da safe suka je wurin Rabaran Pellow, babban limamin cocin. Ofishinsa na kallon farfajiya. Shekararsa goma sha takwas a garin, kuma ya iya cewa "na gode" da "yi sauri" a harshen mutanensa.

"Sufeto, na ɗauka an gama. Jikar kyaftin tana isowa daga Ingila ranar Lahadi musamman don ganin allon. Ku matsa wa mutumin ya faɗi inda ya kai shi."

"Yaushe za a fara kankare bangon arewa?"

"Jiya aka so farawa. Za a sauke allunan duka a buɗe ramukan iska. Gara da danshi sun gama da mu."

"Wa ya san ranar?"

"Ni, da ɗan kwangila, da Lok." Ya yi murmushi. "Kada ka ɓata lokacinka a kan Lok. Shi da marigayiya matarsa kamar ginshiƙan ginin nan suke. Lokacin da sojojin Japan suka mai da cocin gidan shaƙatawarsu, suka cire tagogi suka ƙona bencina, ita ta ɓoye kofin azurfa na Jibin Ubangiji cikin tulun kabejin gishiri, shekara uku da wata takwas. Da shi muke amfani har yau."

"Me aka yi mata?"

"An gode mata, mana. Mutane ne marasa son komai, ba su taɓa roƙon mu ko tsinke ba." Ya gyara takardun gabansa, ko da yake a gyare suke. "Tsufa ne dai ya fara taɓa shi. Jiya wajen ƙarfe bakwai, ina shan shayi, na hango shi yana ratsa farfajiya da baƙar lema a buɗe. Sama tas, ko ɗigon gajimare babu. Kuma ba kansa ya rufe ba, kwandon wankinsa ya rufe."

Ya yi dariya. Fok bai taya shi ba.

A kan matakala Saje Kan ya ce, "Shekara goma sha takwas, Yallaɓai, yana gani ta taga."

"Je ka sayo mini kundin ranaku wurin mai jarida."

Kundin ne da kowane gida ke dubawa kafin aure ko tashi ko binnewa. Fok ya buɗe ranar Talata yana tafe. Sa'a mai kyau don ɗaga ƙasusuwan mamaci: daga biyar zuwa bakwai na safe.

Bai buƙaci kundin ba. Shekara uku da suka wuce shi ma ya tsaya a maƙabarta, lokacin da wa'adin kabarin matarsa ya cika, aka tono ta, aka goge ƙasusuwan aka jera cikin tulu daga ƙafa zuwa kai. Shi ya riƙe lemar, domin ba a bari rana ta ga ƙashin mamaci. Shi ya riƙa faɗa mata kowace ƙofa da kowace gada, don kada ta ɓata a hanya. A rayuwarsu bai taɓa yi mata magana mai yawa haka ba.

Ɗakin Lok yana bayan farfajiya, jikin ɗakin ajiye kujeru. Gado, murhu, gicciye a bango. Baƙar lema a jingine bayan ƙofa. An rufe tagar da bargo da rana tsaka.

"Baba Lok, ina ka ajiye ta?"

"Wa, Yallaɓai?"

"Ban tambaye ka allon ba tukuna. Ita nake tambaya."

Tsohon ya durƙusa da ƙyar, ya jawo kwando daga ƙarƙashin gado, ya yaye zanen da ke kai. Tulu ne ruwan ƙasa, an ɗaure murfinsa da jan ƙyalle.

"Siu-ying, baƙi ne," ya ce wa tulun. "Kada ki damu."

"Tun yaushe take cikin bango?"

"Shekara tara. Ta rasu a hamsin da uku. Bayan shekara bakwai aka ce in zo in kwashe, wani na jiran kabarin. Sai na kawo ta gida."

"Gida?"

"Shekara ashirin da takwas tana wanke daɓen nan a kan gwiwoyinta, Yallaɓai. Ta san kowane dutse. A baya take zama ranar Lahadi, don gaba na masu suna a jikin benci ne. Ina kuma gidanta?"

Ya buɗe Littafi Mai Tsarki, ya zaro wata takarda da ta yi rawaya. Fok ya karanta a tsaye. Layi uku ne, da sa hannun Pellow. Majalisar coci ta gode da roƙon a sa ƙaramin allo da sunan Lok Siu-ying, amma abin takaici bango ya cika.

"Ta san da wannan?"

"Takardar ta iso kwana biyu kafin ta cika. Ta tambaye ni me suka ce. Na ce sun yarda." Ya shafa murfin tulun. "Ta yi dariya, Yallaɓai. Ta ce a sa ta kusa da taga."

"Allon fa?"

"A wancan lokacin ni kaɗai na sauke shi na mayar. Wannan karon hannuna ya ci amanata. Ya faɗi ya rabe biyu. Na zauna ina kallonsa har rana ta fito. Yana ƙarƙashin dandamalin mawaƙa, na naɗe shi da labule."

"Me ya hana ka yi aikin cikin duhu ka huta?"

"Ba sa'arta ba ce."

"Kai da shekara arba'in da biyar da baftisma," in ji Saje Kan, a hankali.

"Ni aka yi wa, ɗana. Ita ma an yi mata. Amma uwarta ta koya mata tsoron rana kafin Rabaran ya koya mata komai."

Fok ya ninke takardar. "Akwai mutum a sel tun jiya, leɓensa a fashe. Jibi da an kai shi iyaka. Kana tsaye aka tafi da shi. Har ka ce in tambayi magina."

"Na sani."

"Da ban zo ba, da za ka yi magana?"

"Kowace sa'a ina cewa yanzu zan sauka caji ofis. Sai in tuna in na faɗa, za su zo su ɗauke ta su sa mata lamba." Ya ɗago kai. "Ban sani ba, Yallaɓai. Wataƙila da na bari an tafi da shi. Rubuta haka."

Fok ya rubuta haka.

Aka zaro allon daga ƙarƙashin dandamali, gida biyu, tsagar ta bi ta tsakiyar sunan kyaftin. Aka buga waya a saki Yip. Rabaran Pellow ya fito farfajiya, ya ga tulun, ya tambaya ko kabejin ne. Babu wanda ya fassara masa amsar Saje Kan.

Saje ya ciro ankwa. Fok ya girgiza kai, Saje ya mayar da ita aljihu.

"Tulun shaida ne, Yallaɓai. Ɗakin ajiya za a kai shi."

"Ba za a kai ba. Akwai wuri kusa da matata. Rubuta cewa yana hannuna."

Ya buɗe lemar da kansa, ya rungumi kwandon. Lok yana gaba tsakanin Saje da direban motar 'yan sanda, ba makullai a ƙugunsa karo na farko cikin shekara arba'in. A bakin ƙofar farfajiya tsohon ya buɗe baki, muryar ta ƙi fita.

"Ga ƙofa, Inna," in ji Fok. "Za mu fita. Ga matakala."

A jikin mota Lok ya juyo.

"Yallaɓai, minti ɗaya. Akwai abin da nake son gaya mata tun shekara tara. Ba ta iya karatu ba, ka gane. Tana nan a bayan allon, tana ɗauka..."

Rabaran ya ɗaga murya daga kan matakala yana tambayar wa zai buga ƙararrawar azahar. Direba, wanda ke sauri, ya tura kan tsohon ciki ya rufe ƙofa. Motar ta gangara.

Fok ya tsaya da lema a hannu, rana na dukan bayansa. Lok ya rasu a asibitin gidan yari kafin sabuwar shekara, bai sake ganin tulun ba. Ya faɗa mata kowace ƙofa da kowace matakala, amma bai samu ya faɗa mata cewa sunan da ke rubuce a gabanta duk shekarun nan ba nata ba ne.