Anti a Gaban Baƙi

"Kada ki sake koya mata komai, Pei-shan. Na roƙe ki, ki bar yarinyar nan haka."

Ya-chi ce ta faɗa tana yanka gwaba a kicin, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ke ai kina da bakin magana," in ji Pei-shan. "Ke ce uwarta a wurin hukuma. Ni fa? Idan matar nan ta tambaye ta wace ce ni?"

"Masoyiya..."

"Kada ki ce mini masoyiya yau."

Pei-shan ta san ba adalci ta yi ba, amma tsoro ya hana ta janye maganar. A shekarun da dokar Taiwan ta yarda mace ta auri mace, ba ta yarda ma'auratan su ɗauki riƙon ɗa tare ba. Ya-chi ce ta kawo shawarar su raba auren a ofis, ita ta nemi yarinya a matsayin marar aure. Pei-shan ta sa hannu tana kuka, suka hau babur ɗaya suka koma gida ɗaya. Haka Nuan-nuan ta zo musu tana rarrafe.

Pei-shan ce ta goya ta, ita ta san miyar kifin da take ci da wadda take tofarwa. Amma a asibiti sai an kira Ya-chi kafin a yi wa yarinyar allura. Kuma saboda fargabar kada a ce sun yaudari hukuma a karɓe musu ita, Pei-shan da bakinta ta koya wa yarinyar cewa a gida ta kira ta Mama, a gaban baƙi kuwa Anti. Ta mayar da abin wasa, yarinya ta haddace shi tsaf.

Yanzu doka ta sauya, sun sake ɗaura aure, Pei-shan ta nemi kotu ta amince da ita a matsayin uwa. Yau jami'ar kula da yara za ta zo, kuma abin da ta gani shi alƙali zai ji.

Da la'asar jami'ar, Madam Ouyang, ta iso, dattijuwa marar yawan fara'a. Ta sha shayi, ta leƙa ɗakin yarinyar, ta yi 'yan tambayoyi kan makaranta. Sannan ta durƙusa gaban Nuan-nuan, ta nuna Ya-chi.

"Wace ce wannan?"

"Mamina."

"Wannan fa?"

Nuan-nuan ta miƙe tsaye, ta haɗe hannuwa a baya kamar mai ba da hadda.

"Anti Pei-shan ce. Ƙawar Mamina ce. Tana zuwa ne kawai."

Pei-shan ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Kalmomin da ta koya mata ne, babu wadda ta ɓace. Ya-chi ta buɗe baki za ta yi bayani, jami'ar ta ɗaga mata hannu.

Ita kuwa yarinyar sai ta ga hawaye a fuskar Pei-shan, nan take ta rikice. Ta ruga ta rungume wuyanta, ta yi raɗar yara, irin wadda kowa a ɗakin yake ji.

"Mama, ban faɗa daidai ba ne? Zan sake... Kada ki bari ta tafi da ni."

Ashe duk shekarun nan abin da suke kira wasa, ita ba wasa ta ɗauke shi ba.

Madam Ouyang ta daɗe tana kallonsu. Can ta ce da Nuan-nuan ba ta zo ɗaukar kowa ba, gidaje irin wannan ta shiga da yawa, kuma ita ta riga ta ji amsar da ta zo nema.

Ya-chi ta zame ƙasa kusa da su tana kuka. "Ki yafe mini, Pei-shan. Ni na fara kawo mana wannan."

Pei-shan ta kama hannunta ta matse, ta juyo da fuskar 'yarta gare ta.

"Kin faɗa daidai, 'yar lelena. Amma wasan ya ƙare. Ko'ina ki kira ni Mama."

Nuan-nuan ta saci kallon baƙuwar, ba ta gama yarda ba.

"Har a makaranta?"

"Har a makaranta."